Tebur Dubu, Dila Ɗaya: Su Wa Ke Riƙe Da Gwadaben Intanet?

Ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, da azumi na huɗu a bakinmu, uwargida ta aike ni kasuwar kifi ta Kado. Aike dai, ba wani suna. Duk magidanci ya san daga la'asar zuwa kiran sallar magariba maigida ɗan aike ne a watan azumi. Na zaɓi tarwada biyu masu rai, mai kifi ya buge musu kai, ya gyara, ya ƙulle a baƙar leda. Na laluba aljihu don sabo kawai, domin tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 na daina yawo da takardar naira. Sai na ciro waya zan yi tiransifa.

Manhajar banki ta buɗe, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa ba tsayawa. Na kashe data na kunna. Na koma ɗaya layin, don ni ma cikin masu layi biyu nake, wai in wannan ya ƙi wancan ya yi. Shiru kake ji. Na nufi mai POS da ke ƙarƙashin lema a bakin ƙofa, na tarar da cincirindo, kowa da ledarsa a hannu, yaron yana ɗaga na'urar sama yana jujjuya ta. Da na dawo ina ba da haƙuri, mai kifi ya ce, "Alhaji, tafi da shi kawai, kar ka makara shan ruwa. In sabis ya dawo ka turo." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar na karɓi alhajin na haɗa da kifin.

Ruwa ba ya tsami banza. Da dare labari ya fito cewa manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a rana ɗaya a gaɓar Kodebuwa, kusa da Abijan. An fi kyautata zaton ƙasa ce ta zame a can ƙasan ruwa ta yi awon gaba da su. Ƙasashe fiye da goma suka ji a jikinsu, gyaran kuma ya ɗauki makonni, domin sai an kira jirgin ruwa na musamman ya laluɓo wayar daga zurfin teku. Abin da ya ceci mutane shi ne sauran wayoyin da suka tsira, irin su Equiano da Glo-1, waɗanda aka karkatar da lodi kansu.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Layuka biyu ne a wayata, na kamfanoni biyu da ke gogayya a talla kamar kishiyoyi. Bankina daban, na mai POS daban. Yaya aka yi duk suka durƙushe tare?

Ina da maƙwabci a nan Kado, injiniya ne, aikinsa ɗinke wayar faiba idan ta tsinke. Kullum takalminsa da jan laka. Shi na tare da tambayar bayan tarawihi, a teburin mai shayi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai daga inda amsar take ka fito. Tebur nawa ka gani a kasuwar kifi? To titus da kote da panla da ke kan teburan nan, mutum nawa ke shigo da su ƙasar nan?"

Nan take na gane inda ya dosa. Kifin ƙanƙara ta jirgin ruwa yake zuwa tashar Legas, 'yan tsirarun diloli masu ɗakunan sanyi su sauke, tirela ta biyo da shi ta Lokoja, 'yan sari su rarraba, sannan ya iso teburin da nake ciniki. Ina iya zagaye tebur ashirin ina neman ragi, amma in dilan Legas ya ƙara kuɗi, ko tirela ta maƙale a hanya, duk teburan bakinsu ɗaya.

Haka data take. Yawancinmu mun ɗauka a iska take yawo, alhali tafiyarta a iska gajera ce ƙwarai: daga wayarka zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan sai ta shige waya mai ɗauke da zaren gilashi siriri kamar gashin kai, wadda aka binne a gefen titi ko aka rataya a kan turakun lantarki. Haske ne ke gudu a cikin zaren. Ya bi ta Lokoja ko wata hanyar zuwa Legas, ya nitse teku, ya ɓullo a Fotugal ko Ingila, ya ɗauko hoton da ɗan'uwanka ya turo maka daga Gwarimpa, ya dawo, duk kafin ka ƙifta ido sau biyu. Waɗannan manyan hanyoyi nake kira gwadaben intanet. Kamfanin da ke sayar maka da gigabait ɗaya mai tebur ne. Wani lokaci shi ne kuma dilan, wani lokaci saro wa yake. Masu tebur suna da yawa. Masu gwadabe kuwa shekara da shekaru suna ta haɗiye juna.

Mu fara daga teku. A 2002 wayar SAT-3 ta fara aiki, kuma NITEL ce ke riƙe da rabon Najeriya a cikinta. Wanda ya yi zamanin shagunan intanet, lokacin da ake sayen awa ɗaya a ƙare rabinta ana jiran shafi ya buɗe, ya san ɗanɗanon dila ɗaya. A Yulin 2009 wayar ta samu matsala ta ɓangaren Jamhuriyar Benin, Najeriya ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na hanyarta ta waje, Nijar da Togo da Benin suka shiga duhu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ba su da gaɓar teku, har gobe ta ƙasashen maƙwabta hanyarsu ta ƙasa ke bi kafin ta taɓa ruwa.

Sauƙi ya zo a 2010. Wata injiniya 'yar Najeriya, Funke Opeke, wadda ta yi aiki a Amurka ta dawo gida, ta tara kuɗi kusan dala miliyan 240 ta shimfiɗa wayar MainOne mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas. A wannan shekara kuma Glo-1 ta Mike Adenuga ta fara aiki, daga Ingila. WACS, wadda MTN ke da hannu a ciki, ta biyo baya a 2012, ACE ma ta zo. Farashin sari a Legas ya faɗi warwas. Wannan ne lokacin da masu gwadabe suka ƙaru, kuma a kansa aka gina duk abin da muke taƙama da shi yau, daga WhatsApp na tsofaffi zuwa finafinan Kannywood a YouTube.

Sai dai gaba da gabanta. A Disambar 2021 kamfanin Equinix na Kalifoniya, wanda ke da rumbunan kwamfutoci fiye da 200 a faɗin duniya, ya sanar zai sayi MainOne a kan dala miliyan 320, aka kammala ciniki a Afrilun 2022. Da wayar teku, da faibar da aka binne a Legas da kewaye, da rumbun kwamfutocin Lekki inda bankuna da manyan kamfanoni ke ajiye bayanansu, duk suka koma hannu ɗaya a ƙetare. A wannan wata na Afrilu ne wayar Equiano ta Google ta sauka a Legas. An sa mata sunan Olaudah Equiano, wanda aka sace yana yaro aka sayar da shi bawa, ya 'yantu ya zama marubuci; ina ganin akwai abin tunani a ce sunansa ya dawo ta tekun da aka bi da shi. A 2024 kuma 2Africa, mai tsawon kilomita 45,000, wadda Meta mai Facebook da WhatsApp ke jagoranta tare da su MTN da Orange da Vodafone, ta sauka a Legas da Akwa Ibom.

A lura da abin da ya sauya. A da, masu shago daban, masu hanya daban. Yanzu wanda kake shiga shagonsa kullum, Google ko Facebook, shi ne kuma ya gina titin da ke kai ka can. NITEL kuwa tuni ta rushe, aka sayar da gawarta, har da rabonta na SAT-3, ga kamfanin NATCOM a kan dala miliyan 252, wanda ya fito da sunan ntel.

Ba a kanmu aka fara ba. A Amurka, inda abin ya samo asali, an yi hauka da binne faiba a ƙarshen shekarun 1990, kowa ya ci bashi ya haƙa rami, aka wayi gari hanya ta fi matafiya yawa. A 2002 manyan biyu, Global Crossing da WorldCom, suka karye. Daga nan haɗiya ta kankama. Verizon ta ɗauke abin da ya rage na WorldCom a 2006. Level 3 ta haɗiye Global Crossing a 2011, ita ma CenturyLink ta haɗiye ta a 2017 a cinikin da ya kai dala biliyan 34 in an haɗa da bashi, sannan ta sauya suna zuwa Lumen. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na 2023, lokacin da Cogent ta sayi tsohon gwadaben Sprint a kan dala ɗaya tak, mai sayarwar ma har ya yi alkawarin biyan kuɗi a kai, don dai a raba shi da asara. Abin da ya sa nake kawo wannan shi ne wani abu da ya faru a Oktoban 2005: Level 3 da Cogent suka yi saɓani a kan wa zai biya wa, ɗaya ta yanke mahaɗarsu, na kwana kusan uku mutanen da ke bayan wannan ba sa iya kai wa ga na bayan wancan. Ba girgizar ƙasa, ba jirgin ruwa. Rigimar diloli biyu ce kawai.

To, mu dawo tudu, don a nan namu ciwon yake.

Duk wanda ya riƙe waya tun 2001, lokacin da MTN da Econet suka biya dala miliyan 285 kowannensu suka karɓi lasisi, ya ga yadda sunaye ke ɓacewa. Econet ta zama Vmobile, ta zama Celtel, ta zama Zain, ta zama Airtel a 2010 da Bharti ta Indiya ta sayi harkar Zain ta Afirka a kan dala biliyan 10.7. Ina Starcomms, wadda a Kano kusan kowane shago yake da wayarta ta tebur? Ina Multi-Links? Ina Zoom? Visafone ce ta fi daɗewa, MTN ta saye ta a 2016, kuma kowa a harkar ya san zangon iskarta ake so, ba masu layinta ba. Etisalat ta koma 9mobile a 2017 bayan rigimar bashi da bankuna, ta yi ta ramewa har ta kai ga yarjejeniyar hawa kan turakun MTN. Yau MTN kaɗai na riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar nan, Airtel na da kusan kashi ɗaya bisa uku. Sauran na raba ragowar.

Ƙarfen sabis ma da muke gani, yawanci ba na kamfanin da muke zato ba ne. A 2014 MTN da Etisalat suka miƙa dubban turakunsu ga kamfanin IHS mai ba da hayar turaku, Airtel ta sayar da nata ga American Tower, suka koma 'yan haya. A 2016 IHS ta ƙara da turakun Helios na Najeriya, daga baya turakunta suka kai wajen 16,000. Maƙwabcina ya nuna mini wani ƙarfe a hanyar Life Camp ya ce in ƙirga farantan da ke jikinsa. "Kamfani uku ne a kai," in ji shi, "amma janareto ɗaya ne a ƙasa. Ranar da gas ya ƙare, layukanka biyu tare za su yi barci." A 2025 kuma MTN da Airtel da kansu suka sa hannu a yarjejeniyar yin tarayya a kayan aiki a Najeriya da Yuganda. Kishiyoyin nan ashe tukunya ɗaya suke girki.

Ba zan ce haɗewar nan sharri ce zalla ba, don in na faɗi haka na yi ƙarya. Binne faiba daga Abuja zuwa Sakkwato ba aikin mai ƙaramin jari ba ne. Da dala ake sayen kayan, da naira ake sayar da data, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun 2023. Turaku uku jere da juna a unguwa ɗaya, kowanne da janaretonsa da mai gadinsa, ɓarna ce. Gara ɗaya a nan, a kai sauran biyun ƙauyen da ba shi da ko ɗaya. Ita ma MainOne, da wuya ta iya tsayawa ita kaɗai a kasuwar da Google ke shimfiɗa wayar da ta ninka tata sau da yawa. Ranar da wayoyi huɗu suka tsinke, wayar Google ɗin nan na cikin waɗanda suka ɗauki lodin. Wannan gaskiya ce, a faɗe ta.

Amma akwai kuɗin da ake biya wanda ba ya fitowa a rasit. In dila ɗaya ne, ba ka da inda za ka yi fushi ka koma. A Janairun 2025 hukumar NCC, wadda ofishinta ke nan Maitama, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Kamfanonin suna da hujja, sun shekara fiye da goma ba a ƙara ba. Sai dai mai saye ya duba gabas ya duba yamma, bai ga teburin da zai koma ba. Sannan ƙofa kaɗan ta fi sauƙin rufewa. A Satumbar 2021 wasiƙa aka rubuta, jihar Zamfara gaba ɗaya ta rasa sabis, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko mutum ya yarda da dalilin tsaro da aka bayar ko bai yarda ba, ya ga yadda hannaye ƙalilan ke iya kashe wa miliyoyi fitila.

Mu 'yan Arewa namu ya ninka, don rijiya ta bayar guga ya hana. Hanyar da ke jibge a bakin tekun Legas ta fi ƙarfin abin da ƙasar ke sha. Haurowa da ita ne aiki. Masu harkar sun daɗe suna cewa kai data daga Legas zuwa Abuja ya fi kawo ta daga Landan zuwa Legas tsada, ballantana Kano, ballantana Gusau ko Nguru. Dogayen hanyoyin cikin ƙasa suna hannun 'yan kaɗan. Tun 2013 NCC da kanta ta ayyana MTN da Glo a matsayin waɗanda suka mamaye kasuwar sarin wannan hanya. Akwai wasu, kamar Phase3 da ke nan Abuja, mai rataya faiba a kan manyan turakun lantarki, da Galaxy Backbone ta gwamnati da aka kafa a 2006. Amma ƙaramin kamfanin da ke son jawo intanet gida-gida a Zariya, sau da yawa wurin wanda yake gogayya da shi zai je sari. Wane mai tebur ne zai yi arziki in dilansa ma yana da tebur a gefensa?

An yi yunƙurin gyara. NCC ta raba lasisi shiyya-shiyya ga kamfanonin da za su shimfiɗa faiba su sayar wa kowa a farashi ɗaya, amma abin bai je ko'ina ba, tallafin da aka yi alkawari bai zo yadda aka tsara ba. An kuma yi matsaya cewa naira 145 za a riƙa karɓa a kan kowace mita ta ramin faiba, amma jihohi da yawa suka mai da ramin saniyar tatsa, suna neman dubbai. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. Ga kuma 'yan kwangilar titi. Maƙwabcina ya ce rabin kiran da ke tashinsa da tsakar dare, katafila ce ta tsinke waya, direban ma bai san ya yi ba. A Abuja, inda ba a raba mu da sabon titi da sabuwar gada, wannan abincin yau da gobe ne.

Abu ɗaya da ke faranta mini rai shi ne mahaɗar IXPN, wadda Muhammed Rudman ke shugabanta, mai rassa a Legas da Abuja da Kano da wasu biranen. Aikinta ta haɗa kamfanonin cikin gida su yi musayar data a nan, kada saƙon da aka aika daga Kado zuwa Jabi ya je Landan ya dawo. Da a ce duk abin da bankina ke buƙata yana zaune a cikin ƙasar nan, da zamewar ƙasa a Abijan ba ta sa ni cin bashin tarwada ba. Starlink ma, da ta shigo a Janairun 2023, ta buɗe wata ƙofa ta sama. Farantanta sun fara yawa a rufin gidajen Kado da Jahi. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka, kuma ita ma a hannun mutum ɗaya take, attajirin da ba ya shawara da kowa.

Yanzu magana ta koma kan kilomita 90,000 na sabuwar faiba da majalisar zartarwa ta amince da shi a 2024, wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ke ta tallatawa, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 2, a ɗora a kan kusan kilomita 35,000 da ake da su. In an yi shi, zai fi duk abin da aka taɓa binnewa a ƙasar nan. Ni tsawonsa bai dame ni ba kamar wanda zai riƙe mabuɗinsa bayan shekara goma. Mun ga MainOne, mun ga turaku, mun ga Visafone. Abin da aka gina da bashin da jikokinmu za su biya, a rubuta tun yanzu cewa kowane kamfani, babba da ƙarami, zai saya a farashi ɗaya da aka buga a fili, kuma ba za a sayar da shi ga wanda ya riga ya mallaki rabin kasuwa ba. A kuma tabbatar kowace babbar alƙarya ta Arewa tana da hanya biyu da ba su bi rami ɗaya ba, ɗaya daga ciki ta fito ta Akwa Ibom, kada kullum mu rataya a wuyan Legas.

Gwamnoninmu na Arewa, kuɗin rami ba zai gina muku jiha ba. Ku yafe shi, ku kuma hana katafila haƙa sai an kira masu waya. Kai kuma mai shago, ko mai makaranta, ko mai asibiti da ke shirin biyan kuɗin intanet na shekara, kafin ka sa hannu ka tambayi mai kawo maka: a wurin wa kake sari, kuma in hanyarsa ta tsinke, ta ina za ka bi da ni?